Corolla ko jif: yadda na yi lissafin musaya kafin damina

Motata Corolla ce ƙirar 2007, 'yar Amurka, inji lita 1.8, giya otomatik. Gonata kuma tana bayan Tudun Wada. Daga Kano sai a bi hanyar Zariya, a karya a Kwanar Dangora, can gaba a sauka daga kwalta a yi kilomita 14 a burji da hanyar shanu, da fadama ɗaya a tsakani. Da rani Corolla tana shiga har bakin gona ba gardama. Daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Satumba ne take ba da kunya, shi ya sa duk shekara in ruwa ya sauka sai maganar ba da ita a yi ciko a karɓi jif ta taso.

Kafin in je wajen kowane dillali sai da na yi damina guda ina rubutu a ɗan littafi. Duk ranar da motar ta kasa kai ni gona sai in rubuta kwanan wata da abin da ya hana ta. A cikin zuwa kusan 40 na shekarar, sau 11 ta kasa. Sau 7 cikinta ne ya zauna a kan tudun da ke tsakanin sawun tayoyin tarakta, tayoyinta suna lilo ba su taka ƙasa sosai ba. Sau 3 santsi ne a lakar fadama, tayoyin gaba suna ta juyawa a wuri ɗaya. Sau ɗaya kuma rafi ne ya kawo, ranar ko taraktar ma a wancan ƙetaren ta kwana.

Wannan rabe-raben shi ne ginshiƙin komai, domin matsala uku ce daban kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko tsayi take so, ta biyu jan taya huɗu take so, ta ukun kuwa haƙuri. Yawancin masu neman jif suna cewa ƙarfi suke nema, alhali injin motarsu bai taɓa gazawa ba. Ƙasa ce take taɓawa.

Sai na auna hanyar da kanta. Ana ɗora katako a gicciye a kan tudun tsakiya, a sa tef a auna daga katakon zuwa ƙasan sawun taya, a dama da hagu. A wurare huɗun da nake yawan maƙalewa na samu santimita 17 zuwa 20, wuri ɗaya kusa da fadama ya kai 26. Tsakanin cikin Corolla da ƙasa bai wuce santimita 14 zuwa 15 ba in ba kaya, in kuwa aka sa buhun taki uku a but da mutum biyu a baya sai ta ƙara durƙusawa. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 tana da kusan 19. 4Runner ta 2003 zuwa 2009 da Prado ta waɗannan shekarun suna da 22 zuwa 23. Kenan wurin nan mai 26 ko jif ɗin ma sai ta goga in aka bi sawun kai tsaye, domin abin da ya fi kusa da ƙasa a jikinta shi ne tulun aksul na baya, kuma ɗaga jikin mota ba ya ɗaga shi, sai dai a sa taya mai tsayi.

A kasuwarmu duk mota mai tudu jif ce, amma kashi biyu ne. Akwai irin su Highlander da RAV4 da CR-V da Pilot, waɗanda gininsu na ƙaramar mota ne, jiki da ƙashi a haɗe, ba su da ƙaramar giyar nan ta jan nauyi da direbobi ke kira ogzilari, da yawansu ma tayoyin gaba kaɗai ke ja. Akwai kuma masu sasi na ƙarfe daban wanda aka ɗora jiki a kai, irin 4Runner da Prado da Land Cruiser da GX470, su ne motocin daji na gaske. Ni kashi na biyu na fara nema, kuma ban je ganin ko ɗaya ba sai da bakanikena da wurin da ke da rami.

Ta farko 4Runner ce ƙirar 2005, fenti kamar a lasa, kujerun fata, sanyi har ƙashi. Bakanike bai ko buɗe bonet ba, ya durƙusa ya leƙa bayan tayar gaba ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Yallaɓai, wannan ai baya kawai take ja," in ji shi. Ba sandunan da ke shiga tayoyin gaba, ba aksul a gaba, ba akwatin raba ƙarfi a bayan giya, farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, ɗaya ce tak. A Amurka an sayar da 4Runner masu jan baya kaɗai da yawa, musamman a jihohin kudu inda ba ƙanƙara, kuma su ne suka fi zuwa da tsaftataccen ciki, don haka masu shigo da mota ke son su. A laka irin wannan motar ba ta fi Corolla ba, wani lokacin ma Corolla ta fi ta, tunda nauyin injinta yana kan tayoyin da ke ja. Tambarin 4WD da ke manne a ƙofar baya ba hujja ba ne, ana sayar da shi a kasuwa. Leƙa ƙasa kawai.

Ta biyu ita ce ta ci mana lokaci. 4Runner ƙirar 2006, inji V6 lita 4.0, jan taya huɗu na gaske. A gaban direba akwai ɗan maɓallin murɗawa mai H2 (jan baya kaɗai) da H4 (jan taya huɗu) da L4 (ogzilari). Gwajin a kan ƙasa ake yin sa, ba a kwalta ba. Ana tafiya a hankali a murɗa zuwa H4, fitilar da ke allon direba za ta yi ƙiftawa kaɗan sannan ta tsaya cak, alamar ta shiga. Don L4 sai an tsaya, an sa giya a N, sannan a murɗa. In ta shiga za ka ji motar tana tafiya kamar kunkuru inji kuma yana ƙara. A wannan motar fitilar ta yi ta ƙiftawa har muka gaji. Dalilin sananne ne: ɗan injin lantarkin da ke tura giyar yana daskarewa in an shekara ba a taɓa shi ba. Littafin motar ma cewa ya yi a riƙa tafiyar kusan kilomita 16 da jan taya huɗu kowane wata don mai ya zagaya. Wanda ya riƙe ta a birni bai taɓa murɗa maɓallin ba. Wani lokacin yana sakewa in an yi ta gwadawa gaba da baya, wani lokacin kuma sai an sauke akwatin gaba ɗaya an buɗe, aikin da ba kowane gareji ke iya mayar da shi daidai ba.

Da aka hau da ita kan rami sai babbar matsalar ta fito. An fesa wa cikinta baƙin fenti mai kauri, sabo fil. Bakanike ya ɗauki ƙaramar guduma yana bin sasin yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi ƙwal, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Kusa da inda hannun aksul na baya ke kama sasi ya danna sukundireba, ta shige har rabi, ɓawon tsatsa ya zubo masa a fuska kamar garin kanwa ja. Motocin da suka zauna a jihohin arewacin Amurka da Kanada gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cinye su daga ciki. Mai walda zai iya yin faci, amma sasin da ya ruɓe a wuri ɗaya ya ruɓe a wurare goma da ba ka gani, kuma hanyar gargada ita ce za ta nemo su ɗaya bayan ɗaya. Sabon fenti a cikin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Nan muka bar ta.

Ko da sasin ya yi kyau, akwai abubuwan da muka shirya dubawa. A tayar da inji da sassafe yana sanyi, kada a yarda a tarar an riga an ɗumama shi, domin gaskit mai yoyo a lokacin yake nuna kansa da rawar inji da farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari. A buɗe murfin lagireto tun kafin a tayar, a ga ko ruwan ya ragu ko yana kumfa. A tambaya ko an cire tamostat, don wani lokacin saboda mota ta taɓa yin zafi ake cire shi. A kwance ƙusar zuba mai ta aksul na gaba da na baya a tsoma yatsa. In man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, ma'ana an taɓa kutsa ta cikin kogi ba a canza mai ba. A duba robobin sandunan tayar gaba ko sun yage. A girgiza farfela da hannu, tana da kawunan girisi da ake mantawa da su, in sun bushe za ka ji ƙum a baya duk lokacin da aka tsaya ko aka tashi. A leƙa salansa a ga ko an fafe abin tace hayaƙin da bakanikai ke kira indomi.

Ta uku GX470 ce, wato Prado a rigar Lexus, inji V8 lita 4.7. Lafiyarta ƙalau, L4 ta shiga nan take. Sai dai injinta bel ne ke juya shi ba sarƙa ba, ana canza shi wajen mil 90,000, kusan kilomita 145,000, tare da famfon ruwa, kuma ba wata shaidar an taɓa yi. Bayanta kuma a kan jakar iska yake zaune maimakon sifirin, in jakar ta tsage za ka wayi gari mota ta zauna da gindi. Ana iya mayar da ita sifirin, mutane da yawa sun yi. Shan manta ne ya kore ni. Prado kuwa ban daɗe a kanta ba saboda cikon ya fi ƙarfina. Abu ɗaya dai zan ce: ana sauya wa ta 2010 fitilu da gaba da baya ta koma kamar ta 2018, fuska sabuwa inji da giya tsofaffi, don haka shekarar mota a lambar sasi ake neman ta. A motocin Amurka lambar harafi 17 ce, na goma shi ke nuna shekara: 6 na nufin 2006, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010.

Lissafin mai shi ne inda hankalina ya dawo jikina. Yadda ake aunawa: a cika tanki har famfo ya katse da kansa, a mayar da ma'aunin tafiya sifili, a yi zirga-zirgar da aka saba, a dawo famfo ɗaya a sake cikawa, a raba litar da ta shiga da nisan da aka yi. A lura, motar Amurka mil take ƙirgawa, sai an ninka da 1.6 kafin a samu kilomita. Mutane da yawa suna zagin motarsu da shan mai saboda wannan kuskuren kawai. Corolla ta ba ni lita 9 a kilomita 100, haɗe da cunkoson Kano da na'urar sanyi a kunne. Wani abokin aiki mai 4Runner V6 ya ba ni aronta kwana uku, na bi hanyoyin da na saba, ta ba ni 15. Ba laifinta ba ne, nauyinta ya kusa tan biyu, Corolla kuwa ba ta kai kilo 1,200 ba.

Ina yin kusan kilomita 18,000 a shekara. Corolla kenan lita 1,620, jif lita 2,700, bambanci lita 1,080. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 wannan bambancin ya daina zama abin wasa, a ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a Kano. In aka ɗauki dubu ɗayan don sauƙin lissafi, ƙarin ya haura naira miliyan ɗaya a shekara. A raba shi da kwana 10 da jif za ta cece ni, tunda ranar rafi ba ta ciki, kowace rana ta tashi sama da naira 100,000 a mai kaɗai. Hayar a-kori-kura daga bakin kwalta zuwa gona da dawowa ba ta kai rabin haka ba, a kan babur kuwa ba a ma magana. Sauran kwanaki 355 kai yara makaranta ne da zuwa aiki da kasuwa, ana jan aksul biyu da nauyin kusan tan biyu a kan kwalta.

Ban da mai akwai hidima. Baƙin mai wajen lita huɗu ne a Corolla, jif sai ta haura biyar. Filogi shida maimakon huɗu. Man aksul biyu da na akwatin raba ƙarfi lita biyar zuwa shida a haɗe, wanda Corolla ba ta san da shi ba. Taya ita ce babba: 265/65 R17 ta fi ninki biyu na kuɗin 195/65 R15, kuma a mota mai jan taya huɗu ba a sa biyu sababbi biyu suɗaɗɗu, ko a gauraya girma, domin bambancin juyawar yana cin giyar tsakiya. In za ka saya, huɗu za ka saya. Tayar da ke kan jif ɗin ma a duba ta, yawanci ta kwalta ce mai ƙananan zane, wadda laka ke cikewa ta koma sumul cikin juyi biyu. Sai an sa mai manyan haƙora kafin jan taya huɗun ya yi amfani. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Kayan gyaran Corolla kuwa ko'ina akwai su, a Kofar Ruwa ko Panteka ba ka minti goma ba ka samu ba. Na 4Runner ma ana samu, amma wasu sai an aiko daga Ladipo a Legas.

Na kuma yi zaton jif za ta ɗauke mini hayar motar kaya. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda mai nuna nauyin da mota ke ɗauka, mutane da kaya a haɗe. Na Corolla bai kai kilo 400 ba, na 4Runner bai wuce rabin tan ba. Direba da buhun masara huɗu sun cika ta. Da kaka dole dai a kira a-kori-kura.

Ita kanta musayar akwai dabara a ciki. Dillali ba ya faɗin kuɗin mota biyu, cewa yake "kawo taka ka cika kaza", kuma a cikin wannan kazan ya karya taka ya ɗaga tasa, ya ci riba sau biyu ba ka gani ba. Na kai Corolla wurare uku a matsayin mai sayarwa kawai, na tura wani ya taya jif ɗin a matsayin mai biya lakadan. Da na haɗa lissafin, cikon da aka nema a musaya ya fi bambancin farashin biyu da abin da zai sayi tayoyi huɗu sababbi. Corolla kamar kuɗi ce a hannu, cikin mako guda ake sayar da ita, tsohuwar jif mai V6 ko V8 kuwa tun tashin mai takan yi watanni a filin dillalai. Wanda ya shiga, fitarsa ba sauƙi. In har za a yi, gara a sayar daban a saya daban, ko da za a biya la'ada sau biyu. Sannan takardu: na kwastan na asali, a tabbatar lambar sasin da ke jikinsu ita ce a gindin gilashin gaba da ginshiƙin ƙofa da kan sasin kansa. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin mallaka na motocin biyu. Motar da ka bayar in ta ci gaba da yawo da sunanka, ranar da aka yi ɓarna da ita ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Akwai abin da ba ya shiga lissafin lita. Ranar da na shiga ƙauyen da 4Runner ɗin aro, masu noman da muka saba ciniki da su suka ƙara kuɗin kwadago, wai Alhaji ya samu. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne yadda babbar mota ke jan ido a hanyar daji a wannan zamanin, a yankin da ba shi da nisa da dajin Falgore. Tsohuwar Corolla mai ƙura ba mai waiwayenta.

RAV4 mai jan taya huɗu ita ce ta kusa raba gardama. Tsayinta zai wuce yawancin wuraren da na auna, tana da maɓallin kulle jan baya wanda ke aiki har zuwa gudun kilomita 40, shan manta kuma tsaka-tsaki ne. Mai neman ta ya leƙa ƙasa ya tabbatar akwai farfela zuwa baya, don ana cire ta in ta fara ƙara a bar motar tana jan gaba kawai. Injin lita 2.4 na 2006 zuwa 2008 an san shi da shan baƙin mai, na 2.5 da ya zo daga 2009 ya fi kwanciyar hankali. Da kwanakin da nake maƙalewa sun kai 30 ko 40, ko da a ce gonar ce sana'ata ta kullum, da ita zan ɗauka, ko in wuce kai tsaye zuwa Hilux wadda za ta haɗa da ɗaukar kaya. A kwana 10 ciko bai biya ba.

Don haka Corolla ta zauna, aka yi mata aiki. An canza shokzoba huɗu da sifirin ɗin baya da suka gaji, wannan kaɗai ya dawo mata da kusan santimita biyu da shekaru suka cinye. An sa mata ɗauri na santimita biyu da rabi a saman kowace ƙafa. Bakanike ya ƙi wuce haka, ya ce sandunan tayar gaba za su karkace su riƙa yaga roba. Bayan nan aka yi alaimen. Mai walda ya yanka farantin ƙarfe mai kaurin milimita uku ya rufe ƙasan inji, a kan ƙusoshi ba walda ba, da rami daidai wurin juye baƙin mai, da tazarar yatsa tsakaninsa da tukunyar mai don kada duka ya wuce kai tsaye. A but akwai shebur, igiyar ja, katako biyu da ƙaramin famfon taya mai aiki da batir. A yashi ina rage iska daga 32 zuwa 20, in mayar da ita kafin in hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe.

Sauran kuma tuƙi ne. Ba a bin sawun tarakta, ana ɗora taya ɗaya a kan tudun tsakiya ɗayar a gefen hanya. Taki ba ya wuce buhu uku. In an kwana ana ruwa ba na shiga fadama sai bayan azahar, ƙasa ta sha iska. Ruwan da ban ga wani ya taka da ƙafa ya ƙetare ba, ko ya haura rabin taya, ba na shigarsa, domin in inji ya zuƙi ruwa ta bututun iska sandunan fistin ne ke lanƙwashewa nan take. Makonni uku na tsakiyar Agusta kuwa a gidan mai unguwa nake ajiye motar, a bakin burji, in hau babur. A daminar bana littafin ya nuna kwana 4, uku na laka, ɗaya na rafi.